Kimiyyar Muhalli: Digirin da Darajarsa Take Hannun Wanda Ya Iya Awo

Duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka bai wa gurbin karatu, akwai gidajen da ake yin murna rabi da rabi. Yaro ya nemi likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci, makinsa na JAMB bai kai ba, sai aka tura shi wani sashe mai suna kimiyyar muhalli, ko kula da muhalli. An gode Allah ya samu shiga, da babu gara ba daɗi, amma tambayar da mahaifi yake fara yi ba ta sauyawa: idan ya gama, me zai zama? Ba a rasa wani ɗan'uwa da zai ce ai duba-gari ke nan, wani kuma ya ce a'a, masu dashen itatuwa ne. Shi kansa yaron sau da yawa ba shi da amsar da ta fi tasu, kuma akan samu wanda zai kai aji uku bai same ta ba.

Tambayar mahaifin tana kan hanya, kuma bai kamata a amsa ta da huɗubar sauyin yanayi ba. Shekara huɗu ko biyar za a kashe, da kuɗin makaranta da ya ninka a 'yan shekarun nan, a ƙasar da masu digiri suka yi wa ayyuka yawa. Amsar gaskiya tana da fuska biyu. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da suka fi buƙatar wannan ilimi. Kuma digirin, yadda ake yawan bayar da shi, yana iya yaye mutum bai iya komai da hannunsa ba. Abin da ke raba ɗalibin da ya ci riba da wanda ya yi asara shi ne awo: ya iya ɗaukar samfurin ƙasa ko ruwa ko iska ba tare da ya gurɓata shi ba, ya gwada, ya fitar da lamba, ya san abin da lambar take nufi ga lafiyar mutum ko gonarsa, sannan ya iya tsayawa a kanta idan wani mai ƙarfi ya ce ƙarya ce.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Zamfara. A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran suna amai, suna jijjiga, su suma, su rasu. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. Sai da aka aika jinin yaran Turai aka gwada, sannan aka gano dalma ce. Farashin zinari ya tashi a kasuwannin duniya, mutanen ƙauyukan suka duƙufa ga haƙo dutse, shi kuwa dutsen yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha gubar, wasunsu da lahani a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

Likita yana da maganin da ke tsamo dalma daga jini. Amma idan yaron ya koma ɗakin da ya kwashi gubar, an yi aikin banza, domin haka dole a fara da ƙasar gidan. A nan aikin ya fita daga hannun likita. Sai da aka bi gida-gida, ɗaki-ɗaki, da wata na'urar hannu da ke haska ƙasa ta faɗi adadin dalmar da ke cikinta nan take. A lokacin, iyakar da Amurka ta yarda da ita a ƙasar da yara ke wasa ita ce 400 cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa dutse a Zamfara an samu fiye da 100,000 cikin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ne. Aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramukan da aka tanada, aka zuba sabuwa, aka sake aunawa domin a tabbatar. 'Yan Najeriya da yawa sun yi aiki tuƙuru a ciki, daga ma'aikatan jiha har matasan ƙauyukan, amma na'urorin da jagorancin aikin awon sun zo ne daga wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, wanda ya ƙware a tsabtace garuruwan haƙar ma'adinai a jihar Idaho. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai da ya jira har 2013 kafin kuɗin tsabtace shi su fito. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Illar dalma ba sabon ilimi ba ce. An san ta tun zamanin Rumawa. Daga Anka zuwa jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Abin da aka rasa shi ne mutumin da aikinsa ne ya je ya auna tun kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura, yana da na'ura a hannu, akwai kuma hukumar da za ta saurare shi. Wannan mutumin ne ya kamata digirin kimiyyar muhalli ya samar.

Kafin a kai ga ko yana samar da shi, akwai ruɗanin suna da ya kamata iyaye da ɗalibai su warware tun kafin cike fom. A jami'o'in Najeriya da yawa, tsangayar da ke ɗauke da kalmar muhalli a sunanta gida ce ta masu zanen gine-gine da tsara birane da ƙiyasin kuɗin gini da kula da kadarori. Tsangayar Tsara Muhalli ta Jami'ar Ahmadu Bello ta wannan ajin ce, har da sashen zane-zane a cikinta, yayin da injiniyancin ruwa da muhalli yake can a wajen injiniyoyi. A Jami'ar Bayero, sashen kula da muhalli yana zaune a tsangaya ɗaya da labarin ƙasa da ilimin duwatsu da zanen gine-gine. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci tana da nata kwas na fasahar kula da muhalli, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta kuma ta daɗe da kwas ɗin da ya haɗa kula da muhalli da ilimin guba. Shi kuwa duba-gari, wanda kakanni ke tunawa da shi yana leƙa randuna tun zamanin Turawa, sana'a ce daban ta lafiyar muhalli, mai makarantunta da hukumar da ke yi mata rajista. Sunaye ne masu kama da juna a takarda, amma wanda ya shiga ɗaya yana zaton ɗaya ne zai gane kurensa a makare. Karanta jerin darussan kwas kafin a zaɓe shi aikin rabin sa'a ne, kuma 'yan kaɗan ne ke yi.

Ita kimiyyar muhalli ta ainihi yarinya ce a cikin fannonin ilimi. Ta taso ne a shekarun 1960 da 1970, bayan littafin Rachel Carson na 1962 ya tona yadda magungunan ƙwari ke bin ruwa da ƙasa suna taruwa a jikin tsuntsaye da kifi, da kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 1972 a Stockholm wanda ya haifi hukumar muhalli ta UNEP mai mazauni a Nairobi. Tunanin da ya kafa ta shi ne cewa matsalar muhalli ba ta san iyakar tsangaya ba. Guba tana fita daga masana'anta a matsayin batun sinadarai, ta shiga kogi ta zama batun ruwa, ta shiga kifi ta zama batun halittu, ta shiga mutum ta zama batun lafiya, ta isa kotu ta zama batun shari'a. Sai aka ce a samar da wanda zai iya bin ta tun daga bututu har kotu.

A cikin wannan kyakkyawar niyya raunin digirin yake. Ɗalibi zai ɗan taɓa sinadarai, ya ɗan taɓa ilimin halittu, ya leƙa ilimin ƙasa da yanayi da tattalin arziki da doka, ya fito ya san sunan komai bai mallaki komai ba. Wannan ƙorafi ne da ake yi wa kwas ɗin har a Turai da Amurka, amma a can ɗakin gwaje-gwaje da fita fili suna rage masa kaifi. A inda ɗalibai ɗari ke zagaye na'ura ɗaya, ko na'urar ta lalace tun bara, ko babu wutar da za a kunna ta, kwas ɗin yakan rikiɗe ya koma hadda: ma'anar gurɓacewa, ire-iren gurɓacewa, illolin gurɓacewa, hanyoyin magance gurɓacewa. Ana iya cin jarrabawa da wannan har a fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ba tare da an taɓa cika kwalba ɗaya da ruwan rijiya an rubuta mata lamba da kwanan wata ba.

Saboda haka masu cewa gara yaro ya karanta kimiyyar sinadarai tsantsa, ko ilimin duwatsu, ko injiniyancin ruwa, daga baya ya ɗora digiri na biyu a kan muhalli, suna da hujja mai ƙarfi. Mai tushe ɗaya mai zurfi ya fi saurin samun aiki, kuma faɗaɗa ilimi bayan an zurfafa ya fi sauƙi a kan zurfafawa bayan an faɗaɗa. Duk wanda yake da zaɓi, kuma ya riga ya san wane fanni zuciyarsa take so, wannan shawara ce da ba za a raina ba.

Sai dai akwai abin da ƙwararre a fanni ɗaya yake kasa gani, kuma fadamar Haɗeja da Nguru shaida ce. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da ruwan sha na Kano. Ta fuskar injiniyanci an yi aiki: ruwa ya taru, an saki wanda ake buƙata. Abin da ya faru a ƙasa, ɗaruruwan kilomitoci daga bangon madatsar, shi ne ya fi ƙarfin lissafin. A da, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala cikin fadama, ya janye da rani ya bar danshi da taki. A kan wannan numfashi na cika da janyewa rayuwar yankin ta ginu: masunta da damina, manoman shinkafa da na bayan-ruwa, makiyaya da rani, ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Da aka mayar da kogin mai gudana a hankali duk shekara, sai ciyawar kachalla, wadda bushewar rani ke kashewa a da, ta samu abin da take so. Ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa ya mamaye gonakin wasu ya bar na wasu a bushe, ta hana jirgin masunta wucewa, ta zama masaukin jan-baki masu cinye hatsi. Da ƙasar noma da ta kiwo ta ƙuntata, rikici tsakanin manomi da makiyayi ya ƙaru. Injiniya bai yi kuskure a lissafin siminti ba. Babu dai wanda aka ɗora wa alhakin tambayar abin da zai faru da ciyawa da kifi da saniya a Jigawa da Yobe idan aka sauya lokacin zuwan ruwa a Kano. Faɗin da ake zargin kimiyyar muhalli da shi, a irin wannan wuri, shi ne amfaninta.

Amfani na biyu ba a cika ambatonsa ba, shi ne koya wa mutum shakkar maganar da kowa ke maimaitawa. Misali Tafkin Chadi. Kusan kowane jawabi a kansa yana farawa da cewa ya ragu da kashi 90 cikin ɗari, daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Raguwar ta faru, kuma ta yi ɓarna: babban aikin noman rani da aka gina a kudancin tafkin a Borno a shekarun 1970 ya tsaya da magudanansa a bushe domin ruwan ya gudu ya bar su. Amma yawancin raguwar ta auku ne a farin shekarun 1970 da 1980, kuma awon da aka yi da tauraron ɗan'adam daga baya ya nuna tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba. Yana cika yana janyewa gwargwadon ruwan da kogunan Shari da Logone suka kawo, abin da ya fi damun mazauna gaɓarsa kuwa shi ne rashin sanin inda ruwan zai tsaya a bana. Bambancin yana da nauyi, domin wanda ya yi imani tafkin na mutuwa zai nemi biliyoyin da za a janyo ruwa daga kogin Kwango, wanda kuma ya fahimci yana juyawa ne zai fara da hasashen ambaliya da tsarin rabon filin da ruwa ya janye. Haka ma adadin nan da ake yawan faɗa, cewa hamada tana cin mita 600 na ƙasar Najeriya duk shekara. Ɗalibin da aka horar da kyau zai tambaya: wa ya auna, a ina, a wace shekara, da wace hanya? Ɗalibin hadda zai rubuta shi a gabatarwar kundinsa kamar yadda na gabansa suka yi.

To, ina aikin yake? Nan ya kamata a faɗa wa mahaifin gaskiya. Ba kamar likita ko tela ba, masanin muhalli ba shi da kasuwar da ke zuwa da ƙafarta. Babu mai masana'antar da ke farkawa da sha'awar biyan wanda zai gaya masa ruwan da yake zubarwa guba ne. Doka ce ke haifar da wannan aiki, kuma tarihin dokar a Najeriya ya fara ne da abin kunya. A 1988 aka gano dubban durom-durom na sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2006 hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai. A 2007 hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idoji. A 2021 kuma dokar sauyin yanayi. Kowace ɗaya daga cikinsu ta buɗe ƙofa: ma'aikatu da hukumomin jihohi, kamfanonin da ke rubuta rahoton tasiri, sassan lafiya da kariya na kamfanonin mai da siminti da sadarwa. Ga kuma ayyukan da ake yi da kuɗin waje, waɗanda masu ba da bashin ba sa sakin ko kwabo sai an ɗauki jami'in kula da muhalli. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa kuma tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada.

Wannan jeri yana da kyan gani, amma guraben ba su kai yawan masu fitowa ba, kuma faɗinsu yana bin ƙarfin da ake tilasta doka da shi. Inda hukuma ke rufe ido, kamfani ba ya buƙatar masani. Yana buƙatar takarda. Daga nan ne wata sana'a marar daɗin ambato ta samo asali, ta rahoton tasirin muhalli da ake kwafowa daga na wani aiki a sauya sunan gari, wani lokaci har a manta da sunan kogin da babu shi a yankin. Matashin da ya fito da hadda kawai, wannan ce kasuwar da ke jiransa, kuma ba shi da abin da zai yi gardama da shi idan aka miƙo masa lambobin da ba a auna ba aka ce ya sa hannu. Wanda ya iya awo aƙalla ya san abin da ake neman ya sayar. Ana iya ganin nauyin lamba ta gaskiya a rahoton da UNEP ta fitar a kan ƙasar Ogoni a 2011: shekaru da dama ana jayayya a kan malalar mai, amma da aka ce an samu sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin sha na Ogale ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, sai maganar ta sauya salo.

Ɗalibin da ya riga ya tsinci kansa a wannan sashe, ko da son ransa ko da hukuncin JAMB, ba ya buƙatar jiran jami'a ta gyaru. Tun daga aji biyu ya kamata ya zaɓi sana'a ɗaya a cikin faɗin kwas ɗin ya riƙe ta da hannu biyu, domin taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Ko gwajin ruwa da ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje, ko ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko taswira da hotunan tauraron ɗan'adam, ko ƙididdiga. Biyun ƙarshe sun fi sauƙin samu ga talaka, domin manhajar QGIS kyauta ce, hotunan Landsat da Sentinel ma kyauta ne, kuma da tsohuwar kwamfuta da ɗan data mutum zai iya nuna yadda kududdufan Kano suka ɓace ƙarƙashin gine-gine a cikin shekara talatin, ko ya zana unguwannin Maiduguri da ruwa ya shafe lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Darussan lissafi da sinadarai da ɗalibai ke gudu su ne ainihin jarin. Watanni shida na sanin makamar aiki kuma bai kamata a ƙarar da su a ofishin da ake sa hannu a littafi a koma gida ba. Ɗakin gwajin hukumar ruwa, ko na masana'anta, ko tawagar masu haƙa rijiyar burtsatse, duk sun fi.

Su ma jami'o'in suna da sarari fiye da yadda suke nunawa. Sabon tsarin manhaja da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar da ke Gusau ko Sakkwato ba ta da uzurin yaye masanin muhalli da bai taɓa riƙe na'urar auna dalma ba. Ta Dutse ko Gashuwa tana da fadamar Haɗeja da Nguru a bayan gida. Kano da Maiduguri suna da cibiyoyin nazarin busasshiyar ƙasa waɗanda ya kamata ɗaliban digirin farko su san hanyar zuwa cikinsu. Na'urori suna da tsada, gaskiya ne, amma ma'aunin tsami da gishirin ruwa na hannu bai kai kuɗin kujerun ofishi ɗaya ba, kuma motar da za ta kai aji bakin kogi sau biyu a zango ba ta fi ƙarfin tsangaya ba.

Akwai kuma wani darasi da babu shi a manhaja, wato harshe da ladabin sauraro. A Zamfara, bayan an gama awo, sai da wani ya zauna a zaure ya yi wa magidanta bayani da Hausa dalilin da zai sa a fitar da niƙan dutse daga cikin gida, alhali dutsen ne ke ciyar da gidan. Wanda ba zai iya fassara lambarsa zuwa maganar da mai unguwa zai ɗauka ba, rabin aiki ya iya. Sauraron ma yana da riba. A Jamhuriyar Nijar, bayan an sha kashe kuɗi a dashen itatuwan da ba sa rayuwa, abin da ya mayar da yankunan Maraɗi da Damagaram kore tun daga shekarun 1980 shi ne sassabin zamani: manomi ya bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya rage rassa, ya kare shi daga dabba da gatari. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Manoma sun daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, domin yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki. Aikin masana shi ne suka auna, suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, suka nuna wa duniya cewa abin ya faru da gaske.

Ga ɗalibin da ke Kano kuma yake neman abin da zai rubuta kundin kammalawa a kai, ba sai ya yi nisa ba. Kogin Jakara yana kwashe ruwan kwatamin birni, rafin Getsi yana kawo na masana'antun Bompai, su haɗu su nufi madatsar Wasai, kuma a gaɓarsu ake noman latas da alayyafo da karas da ke shiga kasuwannin gari kowace safiya. A kudu, kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna aiki da sinadarin kuromiyom. Malaman jami'o'i sun sha gwada ruwan da ganyayen suna samun ƙarafa masu guba, amma awo na shekara ɗaya ba ya wadatarwa, domin abin da ke cikin ruwan yana sauyawa tsakanin rani da damina, tsakanin ranar da injuna ke aiki da ranar da babu wuta. Kundin da ya ɗauki wurare biyar a bakin Jakara, ya koma musu duk wata har shekara, ya rubuta sa'a da ranar kowace kwalba, zai ci kuɗin mota da na gwaji fiye da kundin da aka rarraba wa mutum ɗari takardar tambayoyi a kan ko sun san illar shara. Shi ne kuma wanda za a iya ajiyewa a gaban kwamishina, ko a gaban manoman da ke ban-ruwa da wannan kogi, waɗanda su ma da shi suke wanke hannu kafin su ci abinci.